Faifan Inna da Aka Yanka a Guangzhou

'Ya'yana Hauwa, Sadiƙu, Bilkisu, wannan babin shi ne na fi jan ƙafa kafin in rubuta, domin a cikinsa zan warware ƙarya biyu da na yi muku. Kun san guntun faifan nan da ke cikin akwatina, naɗe a farin ƙyalle, mai siffar yankan kankana. Na ce muku gara ce ta cinye sauran. Gara ba ta taɓa shi ba, Allah ya yafe mini ƙazafin da na yi mata. Na kuma ce muku ciwon gwiwa ne ya hana ni komawa China. Gwiwar tana ciwo kam, amma da ita na yi shekara da shekaru ina hawa matakalar kasuwannin Guangzhou, ba ta taɓa zaunar da ni ba.

Faifan na Inna ne, mahaifiyata Hajara, wadda ku ba ku sani ba sai a hoto. A gidanmu na ƙauye, ta ɓangaren mata, akwai wata al'ada: idan yarinya za ta yi aure, uwarta ce ke ɗinka mata faifai da hannunta, kuma sai yarinyar ta zauna kusa da ita daga ranar da aka soma cibiyar har ranar da aka rufe baki. Ni ban zauna ba. Ni ce 'yar boko ta farko a gidan, kaina yana hayaƙi, kuma birni za a kai ni. Ina tuna ranar da Inna ta jiƙa kaba, ta fito da basilla, ta ɗauko nata faifan daga bango ta ɗora a cinya.

"Rabi, zo ki zauna in nuna miki mutanenki," in ji ta.

"Inna, don Allah ki bar wahalar nan," na ce. "Wa zai kai faifai ɗakin amarya a Kano? Dariya za a yi mini. Ki saya mini farantan tangaran kawai."

Ba ta yi faɗa ba, Inna ba ta iya faɗa ba. Ta zubar da ruwan kabar a gindin bishiya, ta mayar da faifanta bango, aka saya mini tangaran ɗin da nake so. Duk sun fashe kafin a yaye Hauwa. Da Inna ta rasu, aka ba ni faifan a cikin kayanta, na rataye shi a falo saboda baƙi suna yaba launinsa. Zobe bakwai ne a jikinsa har da cibiyar, wani siriri, wani mai faɗi, na uku daga ciki baƙi ƙirin. Iyakar abin da na sani game da shi ke nan.

A shekarar da nake ba ku labari, ni da Hajiya Mariama 'yar Maradi muke haɗa oda. Kayan kicin muke sarowa, ita ta kai Maradi da Yamai, ni in kai Kano. Ɗaki ɗaya muke kamawa a wani dogon gini a titin Huanshi Lu, tukunya ɗaya muke ci, har mutane suna zaton 'yan uwa ne mu. Ni na kawo dabarar, kada wani ya ɗora wa Mariama. Na ce mata matan yanzu suna son faifai a kan tebur amma ba sa son wanda ruwa zai lalata, me zai hana a yi mana na roba? Na ciro faifan Inna daga bango, na jefa shi cikin jaka tare da yaji da kuka, na kai wa wani mai kamfani da ke da shago a titin Liuhua Lu. Sunansa ba zai amfane ku ba, laoban muke ce masa kamar yadda ake ce wa kowane mai shago a can. Ya juya faifan, ya shinshina, ya ɗaga mini babban yatsa ya ce, "Same same, no problem." Bayan kwana goma ya miƙo mini samfur. Roba ce sumul, zobe takwas daidai wa daida, ja da kore da ɗorawa suna bin juna, baƙin nan kuma babu shi, wai baƙi ba ya tafiya a kasuwa. Wallahi na ji daɗinsa, har na ce ya fi na Inna tsari. Ko tambayar inda na asalin yake ban yi ba.

Da samfurin nan a hannuna na haɗu da tsohuwar da ta birkita mini lissafi. Da hantsi ne, ina zaune a bencin da ke harabar gininmu ina jiran Mariama ta gama shiri, ita kuwa Mariama shirinta sai ka yi sallar walaha ka dawo. Sai wani ƙamshi ya doke ni, kamar na ciyawar jema, amma ya fi shi zaƙi. Na waiwaya na ga wata dattijuwa gajera, gashinta fari fat an kitse shi jela ɗaya, da ɗan kwando mai murfi a cinyarta tana gyara masa baki. Kun san ni da shisshigi. Da Turancina na kasuwa na tambaye ta a wane shago ta saya, ko suna ba da sari. Ta yi dariya har da tari.

"Ba na shago ba ne," ta ce. "Ni na saƙa. Kakata ta koya mini, ita ma kakarta ta koya mata."

Sunanta Odil, ta haura tamanin. Jikarta tana koyarwa a wata makaranta a garin, ta haihu, shi ne ta yi wannan doguwar tafiya don ta ga jaririyar. Na ce ashe Turawa ma suna saƙa kwando. Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da nake yi wa mai son ya sayar mini da jabu.

"Ni ba Baturiya ba ce. Abenaki sunan mutanenmu. Muna zaune a arewa maso gabashin Amurka da gefen Kanada tun kafin a raɗa wa wuraren waɗannan sunaye."

Ban taɓa jin sunan ba, na gaya mata gaskiya. Ta ce ba laifina ba ne, su ma sun daɗe suna ɓoye shi. Ta ce a lokacin ƙuruciyarta, in an ƙwanƙwasa ƙofa, nan take kakarta ke daina yarensu ta koma Faransanci, don akwai zamanin da zama irinsu yake jawo wa mutum wulaƙanci da abin da ya fi wulaƙanci. A waje ba su da wani suna sai masu sayar da kwando. Amma in maza sun daddaki gungumen itace har ya rabu falle-falle, mata sun zauna suna fere shi suna haɗawa da ciyawar nan mai ƙamshi, to a nan bakin tsohuwa yake buɗewa. Wance ta haifi wance, wance ce ta tsallaka kogi da goyo a shekarar da aka kore su, wane ne ya tafi bai dawo ba. In hannu ya tsaya, labari ya tsaya. Ta ce abin da ya kawo ta ke nan, ta zaunar da jikarta ta riƙe mata bakin kwando, ta faɗa mata sunayen a kan jaririyar tun tana da numfashin faɗa. Na ce ai da ta rubuta a takarda ta aiko, ta huta da jirgi.

"Na rubuta," ta ce. "Amma takarda ba ta san inda kakata take tsayawa ta share ido ba."

Sai ta miƙo hannu ta karɓi samfurina. Ta shafa shi sau ɗaya ta ajiye a benci. Abin ya ɗan sosa mini rai, don haka na buɗe waya na nuna mata hoton na Inna, in nuna mata mu ma ba daga sama muka faɗo ba. Ta sa tabarau, ta ja hoton da yatsu ya ƙara girma, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Kakata ta ɗinka wa mahaifiyata."

"Hannunta ya ƙware. Dubi yadda ta rufe baki, ko zare ɗaya bai kauce ba. Mai irin wannan hannun ba ta yin zobe ɗaya siriri ɗaya mai faɗi bisa kuskure. Ƙirga take yi. Me take ƙirgawa?"

Abin da ya faɗo mini a rai kawai shi ne muryar Inna tana cewa in zo ta nuna mini mutanena. Shekara kusan arba'in ina ɗaukar maganar nan a matsayin irin zancen tsofaffi, sai a bencin nan, gaban baƙuwa, na gane cewa nufinta ke nan kai tsaye. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban surukai. Odil ta tambaye ni ko akwai sauran wanda ya sani. Na ce akwai Iya Dije, ƙanwar Inna, tana ƙauye, idonta ya tafi. Ta tambaye ni ina faifan yake. Na ce yana wajen laoban. Ta cire tabaraunta ta ce in tashi yanzu, kada in jira ƙawata.

Na shiga tasi na nufi Liuhua Lu. Laoban ya tarbe ni da fara'a yana zaton oda na zo ƙarawa. Da na ce faifana nake so, na asali, sai ya kaɗa hannu.

"Meiyou. Finish. Sample, sample."

Meiyou da yarensu babu ke nan, na ce ban san meiyou ba yau. Na ja kujera na zauna a tsakiyar ƙofar shagon, na ajiye jakata a cinya, na ce ko sallar azahar a nan zan yi ta. Kun san in na kafe. Masu saye suna zuwa suna raɓawa ta gefena, shi yana ta waya yana hararata. Ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Ni na kai masa abu na ce samfur ne, kuma a wajensu samfur yanka shi ake yi a ga yadda cikinsa yake. Can wajen la'asar aka kawo wata leda daga ma'aikatarsu. Ya zazzage ta a kan tebur. An raba faifan gida huɗu da almakashi, uku sun warware sun zama tarkacen kaba, ɗaya ne kawai ya rage da siffarsa. Cibiyar kuwa, da zoben da ke bin ta, an huda an cire don a auna kaurinsu, ba wanda ya san inda aka jefar. Na tattara har ɓurɓushin na ce masa xiexie, wato na gode, don ban san me zan ce ba kuma. A cikin tasi na yi kuka, direban yana ta leƙena ta madubi.

Washegari na sami Odil a bencin. Na shimfiɗa mata guntun a cinya ina cewa shi ke nan, na kashe shi. Ta bi shi da yatsa daga baki zuwa ciki, tana ƙirgawa da yarensu.

"Biyar suna nan," ta ce. "Yanka irin wannan yana ɗauke da kowane zobe, ko da kaɗan ne. Kai mata. Makauniya da yatsa take karatu."

Ranar Juma'a ce. Bayan mun fito daga Masallacin Huaisheng na kira gida, matar ɗan Iya Dije ta ce mini jikin ya yi nauyi, da safe tana gane mutane, da rana ta yi sai ta riƙa kiran waɗanda suka mutu. A nan bakin titi na gaya wa Mariama zan tafi, kuma na cire hannuna daga odar faifan roba. Saura mako uku a yi lodi, kuma in aka shiga hutun sabuwar shekararsu, ma'aikatu rufewa suke yi, sai wanda ya gani. Ni ce mai jin Turanci a cikinmu, ita Faransanci take yi, ni ce nake bin kaya har a rufe kontena.

"Hajiya, ke kika kawo shawarar nan," ta ce. "Yanzu ki bar ni a tsakiyar ruwa saboda faifai? Mako uku ne fa. Tsohuwar da ta kai yau, ai za ta kai wata guda."

"In ba ta kai ba fa?"

"To sai me? Sunayen matattu za su ciyar da ke? Vraiment, gaskiya ban san ki da haka ba."

Ba ta faɗi ƙarya ba, na bar ta a lokacin da ba a barin abokin tafiya. Ta yi odar ita kaɗai, hakkinta ne, ta sha wahalar lodi, wasu kayan ma sun zo mata ba daidai ba. Har yau muna gaisawa da salla, amma tukunya ɗaya ta ƙare. Kuma labari ya zaga cikin 'yan kasuwa cewa Hajiya Rabi tana janye jiki ana tsakiyar aiki. A wannan sana'ar in aka faɗi haka a kanka, ka gama. Wannan ita ce gwiwar da ta hana ni komawa China. Na yi baƙin cikin rabuwa da Mariama ƙwarai, har yanzu ina yi.

Kwana huɗu bayan nan ina ƙauye. Na iso da sassafe da gangan. Iya Dije tana kwance a tabarma a bakin ɗakinta ana shanya ta a rana, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na gaishe ta, ta gane muryata.

"Rabi 'yar boko? Ke da aka ce kina ƙasar Sin?"

Na ɗora mata guntun a tafin hannu. Yatsunta suka bi bakin, suka tsaya. Ta yunƙura ta zauna, abin da aka ce ta kwana biyu ba ta yi ba.

"Na Yaya Hajara ne. Wa ya yi masa haka?"

Na yi niyyar in ce gara, ƙaryar tana kan harshena. Na ce, "Ni ce, Iya."

Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta lalubi wajen cibiya, yatsanta ya faɗa rami. Ta ce ai daga nan ake farawa, ba a taɓa farawa daga baki ba, amma bari ta gwada ta baya. Ta ɗora yatsa a zoben waje, ja, ta ce Hajara, wadda ta haifi tara ta binne biyar. Ta matsa ciki, kore mai faɗi, ta ce Tabawa, uwarsu, faɗin zoben yawan shekarunta ne lokacin da ta ɗinka shi. Ta matsa, ɗorawa siriri, Ige, wadda ta rasu wajen haihuwar fari, 'yar ta rayu. Sai shuɗi, Mairo, wadda ta taso da gidan daga tsohon gari a shekarar yunwa. Sai ta kai baƙin. Ta sa aka kori matan gidan daga wajen, ta rage murya, ko da yake babu wanda ya rage da zai ji kunyar abin.

"Wannan a gari Alheri ake ce mata. Ba sunanta ba ne. Nagyal sunanta. Daga duwatsun kudu aka kamo ta tana yarinya, aka sayar da ita a kasuwa. Maza ba sa son a faɗa, shi ya sa ba a faɗa sai a kan faifai. Ita ta fara ɗinkin nan. Ba ta zo da komai ba sai sunan uwarta da na kakarta, ta sa su a cibiya don kada su ɓata."

Sai yatsan ya sake matsawa, ya sami iska. Leɓenta yana motsi. Ta koma baki ta sake biyowa, Hajara, Tabawa, Ige, Mairo, Nagyal, ta sake faɗawa ramin. Sau uku tana yi. Na buɗe hoton a waya ina gaya mata launin, na ce na tsakiya fari ne da ɗigon ja, na biyun ruwan ƙasa. Ta ce launi ba ya gaya mata komai yanzu, akwai ƙulli biyu a cibiyar, in ta taɓa su sunayen suke zuwa da kansu, don ba sunayen Hausa ba ne, ba a kiran kowa da su a gari. Na zauna da ita kwana tara, kowace safiya muna gwadawa. Har na ɗinka wata cibiyar da hannuna na ba ta, ta shafa ta ce wannan ba ita ba ce, amma in ci gaba, hannuna ba laifi. A kwana na goma ta daina magana, bayan sati ta rasu. Lodin Guangzhou ko farawa ba a yi ba a lokacin.

Odil ban sake ganinta ba. Kafin in baro Guangzhou na bar mata turaren wuta a wajen mai gadin ginin, ita kuma ta bar mini ɗan damin ciyawar nan, shi ne ƙamshin da kuke ji in na buɗe akwati. Faifan roba kuwa ya shigo kasuwa ya karɓu, har a gidan Hauwa na gan shi an rufe kwanon tuwo da shi, na buɗe na ci tuwona.

Bilkisu, yanzu kin san dalilin da na tsare ki sati uku kafin bikinki, kina kumbure-kumbure kina duba waya, ni ina jiƙa kaba. Kin tambaye ni me ya sa tsakiyar faifanki fari ne fes babu rini babu ƙulli, na ce miki haka ake yi. Ba haka ake yi ba. Matar da aka raba da kowa nata ta riƙe sunaye biyu a ranta har ta mutu, mata huɗu suka miƙa wa juna su cikin yunwa da ƙaura ba su yar ba, ni na kai su Liuhua Lu a jaka ɗaya da kuka da yaji. In 'yarki ta zauna kusa da ke ta tambaya, ki fara daga Nagyal, ki faɗi sunanta na gaskiya da ƙarfi. In ta ɗora yatsa a farin wurin ta ce nan fa, kada ki ce mata gara. Ki ce mutum biyu ne, kakarki Rabi ce ta ɓatar da su.